Tsaga a Gindin Rumbu

Malam Tukur, don Allah ka zauna. Tun da ka ajiye kwamfutar nan a teburina kake kai da komo kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai, kana ta kaɗa makullai. Na ji bayaninka. Hotunan bukukuwan mutane ne a ciki, ka yi alkawarin wanke musu, ga shi na'urar ta fara yin abin da ba ka sa ta ba. Kuma ka ce an gaya maka manhajar Linux ba ta kamuwa da cuta, shi ya sa duk sanda saƙon sabuntawa ya fito a allo sai ka ce masa anjima. Kafin in taɓa ta, bari in ba ka wani misali.

An yi wani manomi a wani gari da ba a sayen rumbu. Gayya ake yi a gina wa mutum a idon kowa. Magina ba su ɓoye komai: ga ramin da ake ɗebo ƙasa, ga yadda ake kwaɓa ta, mai son koyo ya koya, wanda ya ga gyara ya faɗa. Saboda yawan idon da ke kansu, rumbunan garin suka yi suna wajen ƙarfi. Aka gina wa manomin nan nasa, ya sussuke geron da ya ware na iri, wani iri mai nuna da wuri da ya gada wajen mahaifinsa, ya zuba a ciki. Shi ke nan abin da zai shuka in damina ta faɗi. To amma mutumin ba ya iya zama wuri ɗaya. Yau ya ɗora wa rumbun jinka, gobe ya ce ba ta yi kyau ba, ya kwance. Ya shafa farar ƙasa, ya yi zane, ya kankare, ya sake wani. Ya sa maƙeri ya ƙera masa murfin ƙarfe, ya garƙama kwado, ya hango na maƙwabcinsa ya fi nasa girma, ya koma kasuwa ya ƙaro wani. Kullum yana jikin rumbun, amma bai taɓa durƙusawa ya dubi gindinsa ba.

Ana nan sai wani magini ya lura rumbunan da aka gina a shekarar, har da na manomin, suna tsagewa a gindi ta gefen gabas, wata siririyar tsaga da sai ka sunkuya za ka gan ta. Al'adar garin ba a rufe irin wannan magana. Bayan an idar da sallar Juma'a ya miƙe ya faɗa a bainar jama'a. Magina suka kwaɓa ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa mai ƙara wa gini ƙarfi, suka tara a bakin rami, suka ce kyauta ce, kowa ya ɗiba ya je ya yaɓe nasa. Aiki ne da bai kai mutum ya yi gumi ba. Mutane suka yi ta ɗiba da ƙwarya. Manomin ya ce sai gobe, yau jinka yake gyarawa. Matarsa ta gaji da magana, ta je da kanta ta ɗebo ta ajiye masa a gindin rumbun, ƙasar ta bushe a cikin ƙwaryar. Da maƙwabcinsa ya tuna masa, sai ya ɗaga makullansa ya kaɗa, ya ce, "Rumbun garin nan ne fa. Wa ya taɓa jin an fasa shi?"

Abin da bai kawo a ransa ba shi ne, sanarwar nan ba mutanen kirki kaɗai suka ji ta ba. Ɓarawo ma yana cikin sahu. An hutar da shi bincike, an gaya masa gefen, an gaya masa wurin. Abin da ya rage masa kawai ya bi bayan gidaje ya ga wanda bai yaɓe ba. Ya samu na manomin. Ko kallon kwadon bai yi ba. Ya faɗaɗa tsagar da wuƙa, ya zura bututun gora, gero ya riƙa zubowa cikin buhu, in ya cika ya toshe da tsumma ya tafi, wata rana ya dawo.

Ranar da ruwan shuka ya sauka gari ya tashi, kowa da sunguminsa a kafaɗa. Manomin ya kafa tsani cikin rawar jiki, ya buɗe kwado, ya buɗe wani, kowanne lafiya lau yadda ya bar shi. Ya ɗaga murfi ya leƙa. Ƙasan rumbun ya gani fayau, da wani ɗan hasken rana yana shigowa ta gefen gabas. Ya sauko ya tsaya da makullai a hannu, mutane suna wuce shi zuwa gona. Maƙwabta sun tausaya, sun sam masa iri ya shuka, amma irin mahaifinsa ya tafi ke nan.

To Malam Tukur, kada in ji ka zagi magina. Masu manhajar nan sun ga tsagar, sun faɗa, sun kwaɓa ƙasar sun kawo maka har kan allo kyauta. Kai ka bar ta ta bushe, kana can kana canja launin allo, kana ƙara wa kalmar sirri tsawo. Gaskiya abin ya ba ni haushi, kuma ban sani ba ko da sauran gero a rumbunka. Yanzu zan raba kwamfutar da intanet, in kwashe hotunan da na tarar in adana a wani wuri, sannan mu yaɓe. Ka sa makullan nan a aljihu, ƙararsu ta ishe ni. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.