Tayar Hagu ta Gaba

Karo na huɗu ke nan Mikaila yana ɗora 'yar motar tseren a kan sikeli, kowace taya da nata, irin na masu sayen kaɗanya da ya aro a kasuwar Yendi. Shi ya ƙera ta, da injin babur da tayoyin Vespa. Duk ƙaramar Salla makanikan Yendi da na Salaga kan yi tsere da irinta a filin bayan tasha, kuma ƙaninsa Alidu ne direbansa.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: nauyin hagu da na dama su zo daidai. In gefe guda ya yi sauƙi, motar takan ɗaga a kwana ta kife. Haka ta yi da Alidu bara, ranar da Mikaila ya yi gaggawa bai auna ba. Tun daga nan Rashidatu, matar Alidu, ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Bana Alidu ya nace sai ya hau, Mikaila kuma ya rantse ba zai bari ba sai awo ya yi kyau.

Ya aza buhun masara mai kilo sittin da biyar a kujera, nauyin ƙaninsa da ya sani tun suna samari. Alluran sikelin suka tsaya cif daidai. Ya sauke buhun, ya tallafi Alidu ya zauna. Allurar tayar hagu ta gaba ta yi ƙasa, gefen ya yi sauƙi.

Ya zagi sikelin, ya musanya shi. Ya rage iskar tayoyi. Ya duba sabon birkin hannu da ya ɗaura jikin sitiyari. Ya yanke ƙarfen gindi, ya sake walda har idonsa ya yi ja. Mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, yau ga shi yana ta kame-kame kamar ɗan koyo. Ko'ina ya leƙa ban da inda ƙaninsa yake zaune. Ga shi saura kwana biyu Salla.

Da ya sake ɗauko zarto, Alidu ya riƙe masa hannu.

"Yaya, ƙyale ƙarfen nan, ba shi da laifi. Nauyin mai ƙafa biyu ka zuba a buhu. Sa mini dalma a gurbin ta hagun da aka yanke, mu tafi."