Sojojin Alhaji Armaya'u

Wallahi ko na dafa Littafi ba za ku yarda ba, amma ku je Batsari ku tambayi duk wanda ya yi wayo a shekarar Udoji.

A lokacin babu falon da ake zance kamar na Alhaji Armaya'u ɗan kwangila. Ba don kujeru ba, don wani kabad na gilashi cike da 'yan sojojin dalma, kowanne tsawon ɗan yatsa. Ya ce daga Ingila suke, kuma Bature ba ya maimaita fuska: in ya zuba soja ɗaya, fasa mazubin yake. Manyan ma'aikata kan taso daga Kaduna su kalla. Sai sun yi ta roƙo yake sallama musu ɗaya, wai don zumunci. Yakan nuna su da yatsunsa masu tabon ƙuna, yana cewa, "Idona ba a ruɗa shi."

Wannan magana ita ta tsaya wa Barau mai fenti a wuya. Barau dai daga aji biyar aka sallame shi, bayan ya sa wa hedimasta kwaɗo a aljihun riga, kuma tun ranar yake ganin ilimin ya ishe shi. Yana da suma tuli guda, wadda yake tajewa sau biyar a rana kamar salla. A teburin Jinjiri mai shayi ya rantse: zai shigar da jabu bakwai cikin kabad ɗin, in ya kasa a aske masa rabin kai ranar kasuwa. Jinjiri ya ce, "Shaidu kun ji. Ni zan kawo wanzami."

Da aka kira Barau fentin falon, ya faki ido ya zare soja guda, ya danna shi a yumɓu gaba da baya, ya mayar. Dalma ce ta ba shi wuya, don yaran Alhaji sun kwashe tsofaffin batiran mota tun daga Safana har Runka. Da ƙyar ya samu batir ɗaya, ya narka dalmar cikinsa ya zuba a mazubin yumɓun.

Na farko ya yi masa jar riga, ya kai wa Alhaji ya ce janar ɗin Jamus ne, wani direban Ikko ya kawo. Alhaji ya juya shi, ya daɗe yana duban bakin haɗin, ya karɓa. Na biyu ya liƙa masa gashin baki ya zama sarkin yaƙin Turkiyya. Na uku ya karya masa bindiga ya zama mai busa ƙaho. Mazubi ɗaya tal! Kafin na shida Barau ya daina gaida mutane sai da kai.

Ranar na bakwai ya tarar da Jinjiri da wanzami a zaure, wai Alhaji ne ya gayyato su. A falo kuwa ga sojojinsa shida a jere, ga kwanon fetur. Alhaji ya karɓi na bakwai ya tsoma su duka. Fenti ya zube. Janar da sarki da mai ƙaho suka fito tsirara, hanci ɗaya, kunne ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su.

"Ranka ya daɗe," in ji Barau, "ƙila Turawan ne suka fara ha'inci."

"Ƙila," in ji Alhaji. "Wanzami, bismilla."

Aka kwashe rabin sumar tas. Jinjiri ya yi dariya har ya shaƙe.

Da suka watse, Alhaji ya ce saura zaɓi: alƙali, ko aikin rani guda. Barau ya zaɓi aiki, yana zaton fenti ne. Alhaji ya ja shi can bayan gida, ya buɗe wani ɗaki da mabuɗin da ke wuyansa. Zafi ya buge su. Ga murhu, ga zugazugi, ga batira tsibi har rufi.

"Zauna ka hura, ɗana. Hannuna ya fara rawa, ga Kaduna na jira, shi ya sa na bar ka ka yi shida in ga iyawarka. Haɗinka ya fi nawa kyau. Wanda ka danna a yumɓu ran nan ma, da duk 'yan'uwansa na cikin kabad, nan na zuba su, a mazubi ɗaya."