Jar Fitila a Tafa

Tun da aka kafa dokar hana tirela tashi muddin jar fitila na ci a gaban direba, Sallau bai taɓa damuwa ba, domin yana da Gambo, makanikin kamfaninsu. Shekara ashirin suna ci a kwano ɗaya. Duk sanda fitilar ta kama, Gambo zai jona na'urarsa ya goge ta, ya ce, "Ƙarya take yi, ruwa ne ya taɓa waya."

Ranar Talata da hantsi ta kama a Tafa, ga lodin albasa daga Illela, motar ta ƙi tashi. Dole Sallau ya nemo injiniyar tashar, wata mai suna Ladidi.

"Goge min kawai, 'yata, ta saba," in ji shi.

Ladidi ta daɗe tana duban na'urarta. "Baba, lafiyar injin ƙalau. Sitiyarin nan yana jin bugun zuciyar direba ta tafin hannu. Wata bakwai ke nan yana cewa ka je asibiti, ana gogewa."

Sallau ya janye hannuwansa daga sitiyarin a hankali. Ya kira Gambo a waya.

"Ka sani?"

Gambo ya ce, "Manaja ne ya ce a bari sai an gama kwasar albasa. Ina da iyali, Sallau."

"Ni ma ina da su. Kai ka yanka ragon sunan autana."

Ya kashe wayar, ya tambayi Ladidi hanyar asibiti.