Ƙanƙarar Bijimin Zaharaddini

"Maigida, ƙanƙarar sayarwata za ka ƙarar wa bijimi?" Zuhura ta tare ƙofar firigo.

Zaharaddini mai kanti ne, bana ya fara kiwo. Ya ji likitan dabbobi na cewa maniyyin bijimi da aka daskarar lokacin sanyi ya fi na bazara ƙarfi. To, shi zai kai wa bijiminsa sanyi har turke! Ya ƙare bazara yana lulluɓa masa buhun ƙanƙara, yana masa fifita.

Ranar ɗiban maniyyi, likita ya duƙa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Malam, ai wannan an dandaƙe shi tun yana maraƙi."

Zuhura ta miƙa wa mijinta ragowar ƙanƙarar. "Ungo, ɗora a kanka."