Abincin Rana a Hanyar Demak

Tun da suka baro filin jirgin Semarang direban yake maganar abinci. Tarmuji kuwa ba abin da yake so sai a kai shi gida. A can, "Mas" ake ce wa namiji don girmamawa, "Pak" kuma ga wanda ya manyanta.

"Mas, ni tun asuba ban sa komai a bakina ba," in ji direban, Pak Darto, yana danna hon a banza, don motocin gabansu ko motsi ba sa yi. "Bari mu ratse mu nemi inda talakawa ke ci. Na bakin titin nan tsada ce kawai, ba daɗi."

Shekara uku ke nan da Tarmuji ya hau jirgin kamun kifi. Bai fi wata uku da tafiya ba aka mayar da shi wani jirgin a tsakiyar teku, aka karɓe wayarsa, jirgin farkon kuma bai sake jin ɗuriyarsa ba. Daga nan ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba sai makon jiya. Ya dawo a rame, gemu ya cinye masa fuska, haƙora biyu babu. Lambar matarsa Warsiti da ya haddace ba ta shiga. Da ya faɗi sunan ƙauyensu, direban cewa ya yi teku ta cinye rabinsa, mutane sun watse. Don haka yake son isa da sauran rana, ya sami wanda zai ce masa ga inda ta koma. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kada a ce masa ba a sani ba.

Amma sitiyari yana hannun mayunwaci. Pak Darto ya sauka daga babban titi ya kutsa lungu. Rumfar farko a rufe. Ta biyu ya leƙa tukwanen ya yatsine fuska, sai ka ce shi ya taɓa dafa wani abin kirki. A kwana ta uku suka tarar an kafa tanti ya tare hanyar gaba ɗaya, kafin ya yi baya babura sun jeru a bayansu.

Wani mutum mai baƙar hula ya fito yana murmushi. "Ku yi haƙuri da tare hanya. Ni ne Kasmuri, mai gidan. Sadakar kwana dubu muke yi, ku shigo ku sa mana albarka."

Pak Darto ya kashe mota tun kafin a gama maganar. "Ka ga wurin da ya fi ko'ina araha," ya raɗa wa Tarmuji.

An riga an fara karatu. Aka yi ta matsa musu har Tarmuji ya tsinci kansa can ƙurya, bayansa jikin bango, tsoho ta dama, tsoho ta hagu, tsakaninsa da ƙofa gwiwoyi sun fi arba'in. Wanda ya zauna a irin wannan taro ba ya tashi sai an shafa. Zafi ya taru a ƙarƙashin tantin, numfashinsa ya fara yin sama-sama, kamar a ɗakin kwanansu na cikin jirgi. Ya ƙura wa hasken ƙofa ido yana ganin rana tana tafiya. Duk da haka ya bi su da salati, ya roƙa wa mamacin da bai sani ba gafara.

Daga bayan labule, inda mata ke girki, farantai suka fara fitowa hannu zuwa hannu. Shinkafa ce da kan kifi a miya mai tsami.

Tsohon damansa ya ɗanɗana ya ɓata rai. "Yau kuma miya ba daddawar jatan lande? Matan yanzu sai a hankali."

Tarmuji ya jawo farantinsa. Ita wannan daddawar tun yana yaro take sa masa ƙaiƙayi. Ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu, sai ya ji hawaye na neman kunyata shi a gaban mutane. Ya ce barkono ne. Ya cinye tas, kewar gida ta ƙara danne shi.

Da aka shafa ya yunƙura zai tashi, Pak Kasmuri ya dafa kafaɗarsa. "Ina za ka, Mas, ba ka karɓi kwandonka ba? Ba a fita gidan nan hannu sake."

"Sauri nake, Pak. Iyali nake nema." Don kada ya zama mara kunya ya ƙara da cewa, "Mahaifinka ne ya rasu?"

"Mijin matata na fari. Ban taɓa ganinsa ba." Ya rage murya. "Sama da shekara tana korata. Sai da na yi alkawarin zan yi masa wannan sadaka ta yarda. Tana can bayan labule da tsohon ciki, amma ta rantse ba mai taɓa miyar nan sai ita."

Tarmuji ya ji wani kishi mara dalili. Wani yana kabari ana tuna shi haka, shi yana raye bai san ko akwai mai jiransa ba. "Allah Ya jiƙansa," ya ce. "Ya yi dacen mata."

Aka miƙo masa kwandon, shinkafa da ƙwai da ayaba, a sama kuma ɗan littafin Yasin da ake bugawa don mamaci. Pak Darto na can waje yana sakace yana kiransa. Tarmuji ya buɗe bangon don ya ga sunan wanda ya yi wa addu'a, sai ga hotonsa, ba gemu, haƙora cif, yana murmushi, a ƙasa an rubuta sunansa da ranar da ya mutu.