Gwandar da Gregory Ya Bari

Ranar Talata da hantsi Dinatu ta tsinci fure ashirin da bakwai a gindin bishiyoyin gwandarta huɗu. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a gefen zani, sannan ta ɗaga kai ta harari katangar maƙwabcinta.

Lambun bayan gidanta a Hanwa bai san hutu ba. Da damina masara ce da kuɓewa da rama. Ruwa na ɗaukewa sai latas da karas da tumatir su karɓi fili, rijiya na shayar da su safe da yamma. Dokarta ɗaya ce, ko mijinta Gregory bai isa ya taka ta ba lokacin yana raye: abin da ba ya shiga tukunya ko baki, ba shi da mazauni a lambunta. Fulawar kwalliyar da 'yarta Happiness ta taɓa kawowa ma a bola ta ƙare.

Gregory ya shekara talatin yana aikin gonar gwaji a Samaru, kuma gwandar nan ce abu na ƙarshe da ya dasa da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Bara sai da aka tokare su da itace saboda nauyin 'ya'ya. Bana kuwa fure zai buɗe, ya yi kwana uku, ya faɗo. Abin yana cin ranta, ji take kamar mutumin ne ke sake mutuwa a hankali tana kallo.

Ta zuba kashin kaji. Ta barbaɗa toka. Ta rage ruwa, ta ƙara ruwa. Tumatirin da ke ƙarƙashinsu sai ja yake abinsa. To wace irin cuta ce wannan mai zaɓen wanda za ta kama?

Dinatu ba ta yi nisa wajen neman amsa ba. Uzodinma ne, kafintan da suka yi shekara ashirin da biyu katanga ɗaya. Wata biyar da suka wuce sun yi rigima kan wata gwanda juya da ke ɓangarensa, doguwa kamar falwaya, wadda ba ta taɓa yin ɗa ko guda ba. Aikinta kawai zubo ƙananan furanni a kan latas ɗin Dinatu, ita kuwa ta gaji da shara.

"Maman Happiness," in ji shi a ranar, "ki bari in gaya miki magana ɗaya a kan bishiyar nan."

Ta ce ba labari ta zo ji ba. Ko ya sare, ko su haɗu gaban mai unguwa. Ya shiga ya ɗauko adda, ya sare bishiyar. Tun daga nan ta daina amsa gaisuwarsa.

Yanzu sai komai ya riƙa haɗuwa a kanta. Sau biyu ta kama shi tsaye kan benci, yana leƙen gwandarta yana girgiza kai. Da ya buɗe baki, sai ta juya masa ƙeya ta shige ɗaki. Mai gaskiya me zai kai shi leƙen lambun gwauruwa?

Ranar Lahadi ta dawo daga coci ta tarar da sawun tsani a kan fangalin karas. Ta bi sawun da ido har wuyan babbar gwandar. Ga wani ƙullin furanni, an ɗaure shi tam da jan zare. Ba ta yarda ta taɓa da hannu ba, da gora ta zunguro shi, ta antaya masa kananzir, tana waƙar yabo har ya zama toka.

Washegari ta hau keke-napep zuwa shagonsa a Sabon Gari. A gaban masu sayen kujeru da maƙwabtan shago ta kira shi mugu, mai hassada, mai bin marayun itatuwa da asiri. Shi kuwa ya ajiye gudumar hannunsa. Matarsa Oby, wadda ta yi mata girki wata guda cur lokacin makoki, ta aiko mata da kwanonta da makullin ƙofar baya da ta daɗe tana ajiye mata.

Da ta kai ƙara, mai unguwa ya ce zargin guba ko asiri ba abin wasa ba ne, ta kawo shaida kafin Juma'a, shi kuma zai san yadda zai yi da kafinta. Dinatu ta ɗebi ƙasa a leda, ta haɗa da furannin da suka faɗo, ta nufi Samaru wurin Mojisola, tsohuwar abokiyar aikin Gregory. Hanya duka tana tsara abin da za ta faɗa ranar Juma'a.

Mojisola ta murza ƙasar, ta shinshina. Ta tsaga fure ɗaya da farce, ta duba cikinsa, sai ta yi dariya.

"Anti, ƙasar nan lafiyarta lau, ba wata guba. Gwandarki duka huɗun mata ne, ba sa riƙe ɗa sai ƙwari da iska sun kawo musu garin furen namiji. In babu namiji a kusa, akan samo furensa a ɗaura musu a wuya. Amma ke ai ba ki da wannan damuwar." Ta kakkaɓe hannunta. "Oga Gregory ya ce ba za ki taɓa barin namijin a lambu ba tunda ba ya 'ya'ya, shi ne ya roƙi maƙwabcinku kafinta ya ɓoye masa shi a bayan katanga, ya riƙa ba shi ruwa saboda ke. Yana nan dai, ko?"