Baƙuwar da ta Tsallaka Danga

Ke da kike shirin karɓar baƙi, ajiye tsintsiyar nan ki saurara. A wani ƙauye an yi wata mai sayar da daddawa, mace mai tsoron Allah, ba ta fashin sujada, sai dai tana son yabo. Da taron zumuntar mata ya zo majami'arsu, aka rarraba baƙi gida-gida yadda aka saba, ita aka ba ta wata tsohuwa daga ƙauyen bayan dutse. A al'adar wurin, ranar rufe taro kowace baƙuwa takan tashi ta yi godiya da waƙa, ta ambaci sunan uwar masaukinta. Waƙar nan ce matar ta ƙwallafa wa rai. Ta ari katifa, ta sayi sabuwar tabarma, ta yanka zakaran da ta ajiye don Kirsimeti. Baƙuwa na isowa ta zaunar da ita a ɗaki ita kaɗai, ta koma madafi. Hayaƙi ya cika mata ido, miya ta yi ruwa, ta ɗaure fuska tamau, tana ta daka wa yara tsawa kada su taka tabarma. Tsohuwa ta leƙo ta ga wannan fuska, ta ce a ranta lalle ta zame wa mutane kaya. Ta ɗauki sandarta ta sulale.

Da tuwo ya nuna, mai daddawa ta kai akushi ɗaki, ta tarar ba kowa. Can sai ta ji dariya ta bayan danga. Ta leƙa, ga baƙuwarta a gidan maƙwabciya, zaune a kan tsohon buhu, suna ɓarar gyaɗa suna rera waƙar yabo. Ruwan randa kawai aka ba ta a moɗa. Tsohuwa ta ce, "Shigo, 'yata. Na ga aiki ya sha kanki, na ce bari in rage miki nauyi." Kunya ta kama matar, amma ba ta da taurin kai. Ta zagayo da akushin, ta zauna a ƙasa, aka yi addu'a, su uku suka sa hannu, har ta yi dariyar da tun safe ba ta yi ba. Ranar rufe taro tsohuwa ta fara rera sunan maƙwabciya, sannan na mai daddawa, ta haɗa da marigayi zakara, ikilisiya ta kwashe da dariya. Tun daga nan duk shekara tsohuwa takan aiko mata da ƙwaryar kalwa ta yin daddawa, ita kuma takan taka har bayan dutse ta gaishe ta, ta kwana a buhu ba ta ƙorafi. Ubangiji ya ce mu karɓi baƙo, bai ce mu bar shi da katifa ba. Shi ya sa aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.